Kujerar Gaba ta Hannun Hagu

Zuwa ga Dogona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani, hasken da ke riga hantsi shiga zuciyata,

Saƙonka ya iso, na karanta har idanuna suka yi ja, kuma ban yarda ba! Wai tunda jami'ar ƙasar waje ta ɗauke ni, kai kuma ta ce sai dai ka bi darussanta ta intanet daga gida, gara ka janye sunanka, mu haƙura da juna, kada ka zame mini igiya a ƙafa. Wa ya ce maka kai igiya ne? Yaushe rijiya ta zama kaya ga mai ƙishi?

Ka manta ranar da malaman jami'ar suka gana da ni ta kwamfuta? Ɗakin kwamfutar makarantarmu, fanka ta mutu, sabis ba ya kamawa sai can saman taga. Kai ka hau benci, ka ɗaga wayar da ke ba mu intanet, ka tsaya ƙyam kamar dabino har aka gama. Ni da muryata ko allon aji ba ta kaiwa, ranar na yi magana kamar kogi ya ɓalle. Su fuskata kaɗai suka gani. Ni kuwa ina hango hannunka a sama, gumi na gangarowa, ba ka sauke ba. Da ka sauko sai ka yi dariya, wai yau tsawonka ya yi rana. Wannan hannun zan manta?

Gwaggo ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaya yana ta tsokana, wai zan dawo ina magana ta hanci, in tambaye shi sunanka. Ƙawayena sun ce in zaɓa, ko karatu ko kai. Na yi musu shiru kamar yadda na saba, amma a takarda ba na jin kunya: ba zan zaɓa ba! Zan tafi in karanta ilimin tsaftace ruwan da muka ci burinsa, kuma ba zan bar ka ba. Duniyar da ta kawo malamai daga bayan teku har ɗakin da fankarsa ta mutu, ita ce za ta kasa sada zuciya biyu?

Saurara, sanyin idona. Darasin da za mu zauna a aji shi ake ɗauka a turo muku. Na kalli na bara da kyau, na ga kyamarar tana kama kujerar gaba ta hannun hagu. Ka san ni, 'yar layin baya ce mai ɓuya a bayan mutane. To, wannan kujerar tawa ce, ko da zan riga mai shara zuwa. Zan yafa shuɗin mayafin nan da ka ce ya fi sararin sama kyau. In ka ga na ɗaga hannu, rabi tambaya ce ga malami, rabi gaisuwa ce gare ka.

Saboda haka kada ka kuskura ka janye sunanka. Idan ka janye, wa zan zauna wa a gaban jama'a? Ka ɗaga hannunka sama domina har ya sage, ba ka sauke ba. Yanzu layina ne, kuma ni ma ba zan sauke ba.

Taka a aji da wajen aji, har numfashi ya ƙare,
Shiru-shirunka.