Ba Ƙarfen Likita Ne Ya Kashe Baba Ba

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, wanda nake yanke wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Daura ce, ni ke riƙe da magungunan mahaifinmu. Bara jijiyar zuciyarsa ta toshe, muka kai shi asibiti a Kano. Ba a tsaga ƙirjinsa ba, ta wuyan hannu aka zura wani ɗan bututun ƙarfe mai kama da raga, ya buɗe wa jini hanya. Washegari har yana tsokanar masu jinya. Da za a sallame mu likita ya dube ni ya ce, "Ƙwayar nan ita ke hana jini daskarewa a jikin ƙarfen. Ko ya ji garau, kada a tsayar sai na ce." Na ce to.

Shi kuwa Baba duk bazara sai an yi masa ƙaho. Bana wanzami na yin tsagar farko jini ya ƙi tsayawa, ya tattara kayansa ya tafi. Baba ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "maganin nan ne ya tsinka mini jini. Ɗauke shi na 'yan kwanaki a cire mini mataccen jinin bayana." Na ƙi, ya yi fushi, ya daina cin abincina. Wa ke jure fushin uba? Ga shi kuma da ƙafarsa yake zuwa kasuwar dabbobi. Sai na ɗauke, ban gaya wa kowa ba. Ranar Juma'a yana alwala ya dafe ƙirji ya faɗi. Ko asibitin Katsina ba mu kai ba ya cika.

Yanzu duk gidanmu cewa ake ƙarfen ne ya kashe shi, ni kuma ina ji na yi gum. Kunya da baƙin ciki suna cina, ko ƙofar ɗakinsa ba na iya kallo. Ga shi an ce Baffa, ƙanin Baba, shi ma tasa jijiyar ta toshe, sai an sa masa ƙarfen. Jiya na tarar da shi a zaure yana haki, ya ce, "Abin da ya ci yayana ba zai shiga jikina ba. 'Yata, ke kika gani da idonki, ai ke ce shaidata."

In na faɗa, da wane ido zan dubi mahaifiyata? In na yi shiru, ina kallo zan rasa Baffa. Jama'a, me zan yi?