Gaisuwar Mama Erdoo

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

Taron ƙungiya yau. Mu da muka fara da matasa cike da aji, yanzu benci biyu ba mu cika ba. Ranar rabon riga da satifiket kuwa, har waɗanda ban taɓa gani ba sai su ɓullo suna "mu 'yan sa-kai". Sa-kan me!

Sharfaddeen, shugabanmu, ya zo da sabon takalmi da sabon labari. Wai uwar ƙungiya ta matasan Afirka za ta sa wakiliyarta cikin guruf ɗinmu na WhatsApp, wanda muke tura wa manoman Doma labarin ruwan sama da maganin ƙwari, ta ga aikinmu. Don haka zai kulle shi, admin kaɗai za su riƙa magana. "Gaisuwa ce kawai suke cika mana waya da ita, za su ba mu kunya." Tertsea, wanda ya karanta aikin gona, ya ce a'a. Ba wanda ya kula shi. Ni ma ban goya masa baya ba, yunwa nake ji.

Talata, 24 ga Yuni

An kulle. Gaskiya wayata ta huta. Mama Erdoo kaɗai, wannan dattijuwar mai gonar masara a bayan Doma, in ta danna saƙon murya da 'yar gurguwar Hausarta sai ta gaida ni, ta gaida Umma, ta gaida gajiya, ta gaida ruwa. Da na ji "Zuwaira, ka kwana lafiya?" nake kashewa.

Lahadi, 29 ga Yuni

Sharfaddeen ya tura doguwar sanarwa da Turanci. Ga manoma! Wakiliyar ta sa masa alamar tafi, shi kuma sai yawo yake da hoton tafin. Abin haushi.

Alhamis, 3 ga Yuli

Tertsea ya kira, muryarsa wani iri. Tsutsa ta shiga masara a Doma.

Asabar, 5 ga Yuli

Mun je. Da ma ban je ba.

Gonar Mama Erdoo, ganye duk huda-huda kamar rariya. In ka buɗe tsakiyar kara sai ka tarar da tsutsar ta yi ɓul-ɓul, ta ƙoshi. Tertsea ya duba layi bayan layi, ya girgiza kai. Ya ce da tana ƙarama aka kama ta, da feshi ya yi aiki, ko toka ma. Yanzu ihu ne bayan hari. Masarar nan ita ce tuwon gidan har baɗi, ga jikoki.

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Cewa ta yi, "Na gaya maku ai. Tun tsutsa yana ƙarami na gaya maku." Wai da ta so ta sake turawa saƙo ya ƙi tafiya, ta ɗauka wayarta ce ta lalace. Har kasuwa ta kai ta wurin mai gyara.

Sai ga Sharfaddeen ya warware ƙyallen ƙungiya a tsakiyar gonar. "Mama, ɗan matso, ki riƙe ganyen nan ya fito sosai." Kuma ta matsa! Ta riƙe! Rumaisa, 'yar ƙungiyarmu, ta ɗauki hoto, har da cewa a sake, rana ta ɓata na farko. Tir. Ban shiga hoton ba.

Da na dawo gida Akurba na nemo saƙonta na ƙarshe kafin a kulle. Na kunna shi, wannan karon ban kashe ba. Gaisuwa, gaisuwa, yaya Umma, yaya ƙafarta. Can wajen ƙarshe ta sassauta murya: "Sai kuma wani ƙaramin abu yana cin ganye, ka tambaya mani Tertsea."

Duk mun tashi a garin nan. Wa ke shiga gidan mutane ya fara da buƙata? Umma ko gishiri za ta aro sai ta gaida har kajin gidan. Mun san haka sarai, amma da aka ba mu waya da riga sai muka manta.

Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo.

Litinin, 7 ga Yuli

Hoton ya fita. "Matasa sun kai ɗauki ga manoma." Na fita daga guruf, na ba ƙanwata rigar ta riƙa wanke-wanke da ita. Sharfaddeen ya kira wai in yi haƙuri, ƙungiya sai da haƙuri. Na ce ya ci haƙurinsa. Na gama, wallahi na gama.

Laraba, 9 ga Yuli

Tertsea ya raba wa mutanen Doma lambata ba da izinina ba. Zan yi maganinsa.

Da safe saƙonni sun taru. Ina tankaɗen gari na sa su a kunne, don dai kada in zauna shiru. Baba Ortese ya gaida har awakin da ba mu da su kafin ya ce ganyen rogonsa na yin rawaya. Na tura wa Tertsea. Rumaisa ta ce ko za ta taya ni saurare, ba hoto. Na ce ta zo in ta ga dama. Wannan ba komawa ba ce.

Na Mama Erdoo ne na ƙarshe. Na ajiye rariyar. Ta gaida ni, ta gaida Umma da ƙafarta, ta gaida gajiyar ranar Asabar. Ina ta jiran ta ambaci masara, ba ta ambata ba. Kaza na kuka a bayanta. Sannan ta ce:

"Zuwaira, in ka ji har nan, ka ce mani ka ji."

Na danna zan amsa. Na goge, na sake. Na fara da ina kwana Mama, yaya gida, yaya yara. Sai da na gaida jikokinta ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce na ji.