Zanen da Na Manta a Allo

Kudan, ranar Asabar

Zuwa ga Maman Happiness,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya. Yaya jego, yaya 'yar jaririyata, tana barinku barci kuwa? Ki gaishe min da Mama da ɗawainiya. Ga mazarƙwaila da dankali nan na ba direba, kada ƙannenki su riga ki.

A waya kin tambaye ni ko na kama mana ɗakin da za ki taho da yarinya, na yi ta kame-kame. Ga abin da na kasa faɗa da baki.

Akwai wata tsohuwar waƙar Turanci ta matuƙan jirgin ruwa da nake koya wa 'yan ajin ƙarshe. Yaran nan kuwa babban ruwan da suka sani shi ne na fadama. Sai da na kai su bakin gonar rake suka ga yadda iska ke kwantar da ita tana ɗagawa, na ce to, haka teku take. Na nuna musu yadda mai waƙar ke gajarta layuka in guguwa ta taso, kamar mai haki, da yadda yake maimaita amshi. Har nan lafiya lau.

Da muka zo inda matuƙi ya ɗaga kai ya dubi dogon itacen tsakiyar jirgi, mai wani a kwance a samansa, sai na zana shi a allo, na ce alamar gicciye ce. Aka kaɗa ƙararrawa, na kwashi littattafaina na fita ban goge ba. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa Malam Philemon yana yi wa 'ya'yan Musulmi wa'azi.

An sa zama da iyaye ranar Talata. In suka ce ba sa so na, sai dai a ɗauke ni. Na san za ki ce dama kin faɗa, in nemi canji mu koma gida. Amma ina son garin nan, Selina, kuma ina jin tsoro. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Philemon

Kudan, ranar Laraba

Maman Happiness,

Salama. Ina fatan ku duka kuna lafiya, Mama kuma ciwon ƙafarta ya yi sauƙi.

An yi zaman. Shugaban iyaye shi ne Alhaji Uwaisu, wani dattijo dillalin rake, kakan ɗalibata Lubna. Mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Na shirya dogon jawabi, bai bari na fara ba. Cewa ya yi in juya musu waƙar da Hausa daga farko har ƙarshe, kada in tsallake komai, su ji da kunnensu.

Na yi ta yi, gumi na keto min. Na faɗi itacen da ma'anarsa. Na faɗi ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi, wanda mai waƙar ke nufin sa zuciya ga Allah da shi, da gaɓar da ake fatan isa, wato lahira. Da na kai wurin guguwa, sai dattijon ya rufe ido, ya sa na maimaita amshin. Na ce a raina shi ke nan, ta faru ta ƙare.

Ashe shi ya taɓa hawa teku. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka tafi da shi aikin Hajji ta ƙasa, suka tsallaka Bahar Maliya a jirgin katako. Iska ta taso musu a tsakiya. Ya ce mahaifiyarsa ta danne kansa a cinyarta tana ta nanata addu'ar Annabi Nuhu, abu ɗaya take maimaitawa har ruwan ya lafa. Ya ce wanda ya rubuta waƙar nan ya san tsoro, kuma mai tsoro abin da ya sani yake kamawa.

Bai ƙyale ni ba fa. Ya ce laifina ɗaya: na ce wa yara itacen gicciye ne, maimakon in ce haka mai waƙar ya gan shi. Kuma malamin da ba ya goge allonsa, ko gonar aro bai kamata a ba shi ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, aka bar ni a bakin aikina. Wasu biyu dai sun fita ba su gamsu ba, ba zan ɓoye miki ba.

Naki,
Philemon

Kudan, ranar Lahadi

Selina tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya.

Shekaranjiya Alhaji ya zo ajina da kansa, ya ba yara labarin teku. Ban taɓa jin ajin nan ya yi tsit haka ba. Lubna ta rubuta cewa amshin waƙar addu'a ce ta mutumin da sauran kalmomi suka ƙare masa. Ni da na karanta abin a jami'a ban taɓa faɗarsa da kyau haka ba.

Da na raka shi ƙofa ya tambaye ni ina iyalina. Na ce kina gida kina jego. Ya harare ni, ya ce ba a barin mai jego ta yi nisa har yarinya ta manta fuskar ubanta. Akwai ciki da falo a gidan ƙanensa, kusa da rijiya. Na je na gani, har an share.

Na san ke ma kina da naki tsoron, ba zan raina shi ba. Amma ki taho ki gani da idonki. Matar gidan ta ce in tambaye ki ko Happiness ta fara shan kunu, don ta ajiye mata gero.

Mijinki mai kewarki,
Philemon