Bayana Issufu Ya Laɓe

Daren Laraba, tsakiyar damina

Issufu ya ci amanata. Ni na hana shi yar da keke lokacin da horon zama ɗan aiken kumanda ya gundure shi. Na ce, "Mu tari iska zuwa Jiratawa da sauran ƙarfinmu, a dawowa ita za ta turo mu gida." Kullum karɓa-karɓa muke, kowa ya tare wa ɗan'uwansa iska.

Yau kumandan ya gwada mu, wai ɗan aike guda zai riƙe. Issufu ya laɓe bayana har Jiratawa, yana ta "Yaya, yanzun nan zan karɓe ka." Muna juyowa ya wuce fuu, ko waiwaye babu. Shi kumandan ya riƙe.

Ɗazu ya aiko mani da man kaɗanya don gwiwa. Na shafa. Ita gwiwar ba ta yi mani laifi ba.