Randar Inna

Wudil, 3 ga Afrilu, 1975

Yaya Safiyatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara.

Aikinmu na duba-gari ya ƙaru, ana tsoron ciwon shawara, wanda sauro ke yaɗawa. Da yamma ni da abokin aikina Haladu muna naɗe wando, sauro ya sauka mana a ƙafa, mu kama shi a kwalba a kai Kano. Inda aka samu sauro mai cutar, can ake tura masu allurar rigakafi.

A garinmu Achika, sauro ya fi yawa a bayan gidanmu. Na buɗe ɗakin marigayiya Inna, na tarar randarta cike da ruwa, tsutsar sauro na ta iyo. Na zubar, na kulle. Bayan mako na koma, ta sake cika. Ga rani, kuma makulli ɗaya ne, yana aljihuna. Idan na kai rahoto, fasa ta za a yi. Yaya, tsoro nake ji.

Ƙaninki,
Gidaɗo

Kano, 12 ga Afrilu

Auta,

Bayan gaisuwa. Kai dai tun kana yaro inuwarka ma tsorata ka take. Wace cuta ce za ta fito daga randar da ta shayar da mu? Ita kaɗai ta rage mana. Don Allah ka rufa mana asiri, ka bar ta. Allah ya tsare.

Yayarka,
Safiyatu

Wudil, 6 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na bi maganarki, na zubar da kwalaben Achika, na rubuta babu komai. Masu allura suka tsallake Achika, suka wuce Lajawa. Yanzu mutum huɗu sun kwanta a layinmu na Achika. Sau biyar ina zubar da ruwan nan, jiya har moɗar na samu a jiƙe. Kaina na sarawa. Ki ba ni izini.

Gidaɗo

Kano, 14 ga Mayu

Auta, fasa ta. Ka yafe mini.

Wudil, 19 ga Mayu

Malama Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ni ne Haladu. Wasiƙarki ta iso bayan mun dawo daga jana'izar Gidaɗo, shawara ce. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. An sanar da masu allura, gobe za su shiga Achika.

Na je na fasa randar. A bushe na same ta, yanar gizo-gizo har ƙasanta. Ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Ki huta lafiya,
Haladu