Na Mai da Soɓorodon Matata Maganin Kowace Cuta

Inna Marka, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya fama da jama'a? Don Allah ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni manomi ne daga wajen Maradun, ko in ce dā, don tun da aka tare ruwa a Bakolori gonata ta koma gidan kifaye. Muka taso Talata Mafara ni da maiɗakina Taibatu. Na nemi aikin lebura a kamfanin da ke aikin madatsar ruwan, mai ɗaukar ma'aikata ya dubi ƙwaurina, ya dubi tumbina, ya ce in dawo wata rana. Har yau ranar ba ta zo ba.

Taibatu ce ta tsamo mu. Ta taho da irin sure, wato yakuwa, ƙulle a bakin zane, ta shuka bayan ɗaki. Ganyen ta yi miya da gyaɗa, ta ɗan jefa kanwa don kashe tsami. Gurguzun ta yi daddawa. Jan kuwa ta dafa soɓorodo da citta da kanumfari. Tunda ita ba ta fita, ni ke ɗaure tulu bisa keke in kai wa leburori da direbobin tifa. Gemu gare ni, Inna, har da furfura, ga ni ina talla, muryar ma ba daɗi.

Wata rana wani direba ya ce tun da ya fara sha cikinsa ya saki, ya daina daɗewa a bayan gida. Nan zuciya ta raɗa mini cewa mai magani ya fi mai talla daraja. Na fara da bushewar ciki, wannan gaskiya ne. Na ƙara da hawan jini, wanda a bakin mutane na ji. Daga nan birki ya tsinke: basir, shawara, ciwon baya, mantuwa, har da sanƙo, alhali hulata na ɓoye wani wanda ya fi faranti sheƙi. Suka laƙaba mini Dakta, ni da ko allura na gani sai na runtse ido. Har tabarau na saya.

Ga inda abin ya ɓaci. Baba Nasidi, aminin mahaifina, yana gadi a wurin aikin, kuma asibiti na ba shi ƙwayoyin hawan jini. Ya ajiye su ya koma wa soɓorodona, wai ɗan amininsa ba zai yi masa ƙarya ba. Shekaranjiya jiri ya kwashe shi a bakin ƙofa, da aka tashe shi kuwa soɓorodona ya fara tambaya. Taibatu na jin haka ta kife tukunya, ta ce ba ta ƙara dafawa sai na gaya wa tsohon gaskiya. In na faɗa, na zama abin dariya daga Mafara har Bakura, cinikin ma yana iya mutuwa, da shi kuwa muke ci. In na yi shiru, ina tsoron abin da ba na so in ambata. Yaya zan yi?

Naki,
Dakta marar takarda, Talata Mafara

Wa alaikumus salam, ɗana.

Ka ba ni dariya, amma ina kaiwa kan Baba Nasidi dariyar ta tsaya. Ina fata kafin amsar nan ta fito ka riga ka je. In ba ka je ba, ajiye jaridar ka tafi. Ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa, ka gaya masa ba ka san magani ba, sannan ka goya shi a keke zuwa asibiti. Ka shaida wa likita yawan soɓorodon da yake sha, shi zai faɗi ko ya ci gaba da sha tare da ƙwayoyin.

Ban raina abin da ke cinka ba. Magidancin da ya saba ciyar da gida daga rumbunsa, ya wayi gari ba gona, dole ya nemi abin da zai ɗaga kai da shi. Sai dai kai da lafiyar wani ka ɗaga naka, nan ne Taibatu ta fi ka gaskiya.

Sure kuwa bai bukatar ƙari. Soɓorodo na kashe ƙishi, yana sassauta ciki, miyar ganyen na buɗe bakin wanda zazzaɓi ya hana ci, wasu masu hawan jini kuma na jin daɗinsa in ba a cika sukari ba. Iyakar sanina ke nan. Mai juna biyu ta tambaya kafin ta yawaita sha.

Dariya za a yi maka, to ka riga su, ka ba da labarin da bakinka. Ciniki ba zai mutu ba, wanda ya yini yana kwaɓa siminti a rana ƙishi ke kawo shi wurinka. Ka ba maiɗakinka haƙuri, in an yaba kuma ka ce daga gidanka ya fito. Sannan ka nemi aron ko gefen fili ne, ka shuka mata sure da damina, bayan ɗaki ya yi mata kaɗan. Wannan aikin kam ka san shi.

Allah ya ba Baba lafiya, ya bar ku tare, ya sa wa sana'arku albarka.

Inna Marka