Zan Biyo Hannun Hagu Zuwa Falefa

Zuwa ga Fuatino, uwar ɗakina, ruwan ɗanyar kwakwa a tsakar rana, iskar da ke tasowa daga teku bayan an sha zafi, mai taurin kai irin na baƙin dutsen bakin gaɓa.

Shekara tara ke nan ina magana ba wanda ya tanka mini. Shekara tara! Na yi wa manya magana, shiru. Na yi wa fasto, ya ce in yi haƙuri, ya shanye shayina ya tafi. Na yi wa 'yarmu ta waya, ta ce ba ta jina sosai, alhali ni ina jin kukan jikana tar kamar a cinyata yake. Ke kuwa, hasken idona, takarda takwas na aiko miki ta hannun Tanielu direban bas, kowace shekara guda, kuma kowace shekara sai ya taka birki a ƙofar gidana ya leƙo ta taga ya ce, "Tsoho, ta karɓa." To ta karɓa sai me? Ramin ƙaguwa ma in ka zuba masa abu karɓa yake yi. Ni amsa nake nema.

In rubutun ya karkace ki yi haƙuri da shi, ɗalibinki ne. Ranar da sa'o'ina suka tafi makaranta ni gonar gwaza aka kai ni. Ke kika koya mini baƙaƙen nan a kan tabarma, da Littafi Mai Tsarki a cinyarki, kina ƙwala mini cokali a bayan hannu in na juya harafi. Yanzu hannun ya tsufa, ni ma na gaji. Na gaji, Fuatino, gajiya irin ta kwale-kwalen da aka jawo kan yashi aka manta da shi.

Har gobe ina nan a kan bakana: ba a yi mana adalci ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan bas ta hannun dama, daga kasuwar Apia zuwa garinku, ban taɓa take ko ɗan tsako ba. Da na ajiye bas na koma jan 'yar a-kori-kurata, ita ma ta dama. Rana ɗaya aka wayi gari, aka busa jiniya, aka kaɗa ƙararrawar coci, wai daga yau kowace mota a ƙasar nan ta koma hagu. Wa ya tambaye ni? Wa ya tambayi hannuwan nan, da suka san hanya fiye da yadda suka san bakina? Na tsaya a tsakiyar kasuwa na rantse ba zan ƙara taɓa sitiyari ba sai an mayar da hanya inda iyayenmu suka bar ta. Aka yi ta tafa mini. Masu tafin nan, kafin sati ya zagayo kowa ya hau motarsa ya bi hagu, har da ɗago mini hannu in sun wuce. Ni na kai tawa gindin mangwaro na lulluɓe ta da tamfol.

Sai ga Lahadin nan. A takardu takwas kewaye ta na yi ta yi, yau zan faɗe ta. Mun dawo daga coci, ko abincin da na bari yana gasuwa a cikin duwatsu masu zafi ban buɗe ba, aka bugo daga garinku Falefa aka ce jikin Innarki ya yi tsanani, sunanki take kira. Ran Lahadi ba bas. Kika ɗauki jaka, da farar rigar cocinki a jiki, kika dafa motar kika ce, "Setefano, tashi mu je." Na ce na yi rantsuwa. Kika ce, "Da wa ka yi ta, da Allah ko da masu sayar da kifi?" Na juya miki baya. Kika zauna a kan dutsen bakin ƙofa, ba ki nemi kowa ba, don ba ki yarda mijinki direba zai bari ki je roƙon motar maƙwabta ba. Kin jira ni har inuwar mangwaro ta tsallake titi, sannan kika tashi kika nemi motar wani. Da kika isa an riga an rufe mata ido. Tafiyar minti arba'in ce, Fuatino. Ba wanda ya san tsawonta kamar ni a tsibirin nan.

Na zo jana'iza a kujerar bayan bas kamar buhun gwaza. Yayanki Pelenato bai ko miƙo mini hannu ba. Ke kuma da aka gama kika zo gabana, idonki a bushe, kika ce, "Kada ka ƙara zuwa gidan nan a motar wani. Ranar da za ka zo, ka jawo kanka." Na sani, za ki ce ai wannan ita ce amsar, tun tuni kin ba ni. To ni ban ɗauke ta amsa ba. Na ɗauke ta hukunci, na kuma ce an zalunce ni, na zauna ina jiran wani ya zo ya ce ina da gaskiya.

Wayyo, tauraruwata! Kin tuna farkon ganina da ke? A hanyar nan ce dai. Kika shigo bas ɗina a kasuwa da kwandon kifi, da jan fure a bayan kunne, mota ta cika har mutane na zaune a cinyar juna, wata tsohuwa ta jawo ki ta ɗora a tata, daidai inda madubina ke kallo. Daga nan ban ƙara sanin ko akwai titi a gabana ba. Gashinki kamar hadarin da ke saukowa daga kan duwatsu, dariyarki kamar ruwan sama a kan ganyen ayaba. Da muka iso garinku kika ƙwanƙwasa kwabo a jikin taga don in tsaya. Na yi kamar ban ji ba. Kika ƙara, jama'a suka taya ki, ni kuwa na wuce abina sai gadar da ruwa ke zubowa a ƙarƙashinta, don kawai in ƙara minti biyu da ke. Kika sauko kika zagayo ta tagata kika ce, "Kurma ne kai ko ɓarawon mutane?" Na ce duka biyun. Kika jefe ni da kifi! Na kai shi gida na gasa, ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba. Ina yarinyar nan take yanzu? Tanielu ya ce kullum da safe yana ganinki kina share kabarin Inna a ƙofar gida, kanki ya yi fari fat, kin sunkuya. Wa ya ba ki izinin tsufa ba a gabana ba?

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko fasto. A shekara ta uku na yaye tamfol ɗin. Na tayar da ita, na fito a hankali ina ta maimaita wa kaina hagu, hagu, hagu. Da na iso shataletalen cikin gari, bakina na cewa hagu, hannuwana suka karya dama da kansu. Sai ga ni gaba da gaba da wata bas cike da mutane, tsakanina da ita bai kai tsawon tabarma ba. Direban, wanda na isa in haifi ubansa, ya leƙo ya ce, "Kaka, ai tun kana da haƙora aka canja hanya!" Mota ta ɗauki dariya. Na koma gida zanena jiƙe da gumi, na mayar da tamfol, na ce wa maƙwabta ɗumama inji na yi.

To ki ji gaskiya, sanyin zuciyata. Ran Lahadin nan ba rantsuwa ce ta riƙe ni ba. Rantsuwar mayafi ce. Tsoro nake ji. Na san hannuwan nan, na san za su ci amanata a kwana ta farko, ke kuma kina zaune a gefena. Amma yaya mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya ana ce masa sarkin hanya zai dubi matarsa ya ce ina tsoron titi? Da na faɗa, da tun kafin azahar kin nemi wata mota, da kin same ta da rai. Kalma uku ce, na kasa. Na gwammace ki ɗauke ni mugu da ki ɗauke ni matsoraci, kuma kin ɗauke ni mugun, shekara tara, ni kuma ina ta jin haushin an ba ni abin da na zaɓa.

Likita ya haska idona wancan satin ya ce yanar ido ta fara rufe su. Lasisina ƙarshen watan nan zai mutu, ba kuma za a sabunta mini ba. Tafiya ɗaya ta rage a idanun nan, na kuwa san inda zan kai ta.

Ran Asabar zan taho. Na sa sabon batir, na ba tayoyi iska, na kori kazar da ta mayar da kujerarki wurin ƙwai. Ta yi mini tsiya kamar ke. Ba zan fita ba sai rana ta ɗaga sosai, don da duhu-duhu fitilun motoci narkewa suke yi a idona. Zan zagaye ta bayan gari in kauce wa shataletalen nan, ba ni ba shi har abada. Da na hau hanyar gaɓa kuwa na samo dabara, ni kaɗai na samo ta, ba wani mai ilimi da ya koya mini. Sitiyarin motata irin na da ne, a hagu yake. Duk zamanin da nake zuwa wajenki duwatsu ne a kusa da motata, teku na can tsallaken titi. Yanzu in ina kan daidai, teku za ta kasance a gwiwar hannuna, in leƙa in ga kumfa. Shi ke nan, ba sai na tuna hagu ko dama ba. In teku ta yi nisa da ni, na san na ɓata. Ita zan riƙe kamar yadda makaho ke riƙe bango.

A Lauli'i zan rage gudu saboda aladun da ba su san an canja komai ba, su kam sun huta. A Solosolo, wurin baƙin yashin nan inda igiyar ruwa ke watso gishiri har kan kwalta, zan tsaya in kashe inji sai ƙirjina ya lafa. Tafiyar minti arba'in zan yi ta a awa biyu. Masu hon su yi ta yi, su wuce, Allah ya raka su. Ban ce waɗanda suka juya hanya sun yi daidai ba, ki rubuta wannan ki ajiye. Gaskiyar hanya dama ce. Amma zan biyo hagunsu, tunda ta can kike.

A bayan motar na ɗora itace, da duwatsun gasa abinci, da ganyen ayaba, kamar yadda mai neman gafara ke yi. A kujerarki kuma lallausar tabarmar nan da Inna ta ba mu da hannunta ranar aurenmu. Babban danginmu ya ce in rufa wa kaina asiri, wai zaman tabarma, inda mai laifi ke lulluɓe kansa har wanda ya ɓata wa ya ɗaga ta alamar ya yafe, na wanda ya zubar da jini ne ko ya taɓa matar wani, ba na tsohon da ya ƙi tayar da mota ba, wai garinku zai yi shekara yana dariya. Su yi. An yi mini dariyar da ta fi wannan. Na san da asuba ake zuwa, ki gaya wa Pelenato ba raini ba ne, idanu ne. Zan sauka a ƙofar gidanku, gefen kabarin, in zauna a ƙasa, in ja tabarmar in rufe kaina, da rana tsaka, ni kaɗai ba dangi a bayana. Gwiwoyin nan in sun lanƙwashe ba sa miƙewa sai an kama ni. Komawa kuwa ban shirya mata ba, don a komawa teku ba za ta taimake ni ba. In ba kya son Apia, ni ma na ƙoshi da ita. Ki ba ni gefen tabarma da tsintsiya, in taya ki sharar kabarin.

Ya ke farin watana a kan ruwa, ke da ban taɓa kallon wata ba tun ranar kifin nan, ke da har yau nake dafa gwaza na mutum biyu in zubar wa karnuka da rabi! Naki ne ni ina saurayi, naki ne ina sarkin hanya, naki ne yanzu da na zama abin dariyar yaran direbobi, kuma naki ne har ranar da za a haƙa mini nawa ramin, a ƙofar duk gidan da kika ga dama.

Mijinki,
Setefano

A ƙarƙashin tabarmar ba zan ga komai ba, kunne kawai zan kasa. Kada ki bar wa yayanki ya ɗaga ta, ba shi na juya wa baya ba. Ke nake so. Ki ɗaga ta, ko ki tsaya a kaina ki ce tashi ka tafi, ko ki zage ni tun daga kakana, duk na yarda, in dai da bakinki ne. Amma shiru kam ba zan ƙara ɗauka ba, ba ni da sauran shekarun da zan ba shi. Fuatino, ki amsa mini!